Ranar da Na Juya wa Malika Baya

Glenwood, Greensboro
Litinin, 16 ga Satumba

Hindou, Malika ta zo ta uku! Ta uku cikin babura goma sha tara! 'Yarki, jikata, jiya Lahadi da ƙarfe biyu da kwata, a gaban jama'a. Mutum goma sha shida ta bari a baya suna shaƙar hayaƙinta.

Af, ban ma yi sallama ba. Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa zuwa ga 'yata Hindou, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Malam Yahya da yara. Yaya aikin asibiti? Allah ya taimaka.

Sati uku ke nan ina kiran wayarki tana ƙara har ta gaji. To, ba komai. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maradi. In rufe garaji bayan la'asar, in tafi da baƙin mai a farce in zauna kan benci. Ba don a toshe min baki na sha wannan wahalar ba. Wanda ya ƙi jin muryata zai ga rubutuna.

Filin tseren yana can wajen iyakar jihar Virginia, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Ba titin mutane ba ne. Kwalta ce aka shimfiɗa cikin ciyawa, tana hawa tana gangarawa tana lanƙwasa, har ta dawo inda ta fara. Ba mota, ba jaki, ba mai tahowa ta gabanka. Masu tseren kuma ba 'yan iska ba ne kamar yadda aka faɗa miki. Akwai likitan haƙori, akwai mai gyaran famfo, akwai wata mata mai jikoki biyu. Kowa ya zo Juma'a da tantinsa da tukunyarsa, Litinin ya koma bakin aikinsa. Wanda ya ci, ɗan katako mai rubutu ake ba shi. Namu yana kan firji.

Kafin babur ya taka kwalta sai an duba shi. A cire madubi, a cire fitila. Duk notin da ke riƙe da mai ko birki sai an huda shi an ɗaure da siririyar waya, don kada ya kwance ana gudu. Ni na ɗaure na Malika. Mai dubawar ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya kira abokinsa, ya ce wa ya yi wannan ɗauri? Malika ta nuna ni. Na ce ta gaya masa shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran babur a bakin tasha, kuma da waya muke raya abin da su a nan suke zubarwa a shara.

Ba zaman kallo nake zuwa ba. Tun watan Mayu na shiga cikin masu tuta. Kowace kwana ta hanyar akwai mutum biyu cikin fararen kaya, su ne idon masu gudu. Ni da wani dattijo, Desmond, tsohon direban bas, mu ke kwana ta huɗu. Shi ke riƙe oba-oba, rediyon da ake magana da ita, ni ke riƙe tuta. Turancina bai fi Hausarsa da yawa ba, amma ba mu taɓa saɓani ba.

Ranar Asabar ba mu samu komai ba.

Lahadi ce ranarmu. Ta tashi tana ta takwas. Duk zagaye sai ta wuce ta gabana, duk wucewa kuma ta cinye mutum ɗaya. Mai tuta ba ya tsalle, ba ya ɗaga hannu don murna, kada a ɗauka gargaɗi yake yi. Haka na tsaya kamar turke, zuciyata na ta rawa ita kaɗai. A zagaye na ƙarshe wani ƙato mai jan babur ya buɗe kwana da yawa, ta kwantar da nata har gwiwarta na shafar ƙasa, ta shige ta ciki. Desmond ya doki kafaɗata har yanzu ina ji.

Da ta cire hular kwano ta ce, “Tsoho, ka gani?”

Na ce, “Amarya, da ni ne da na ɗaya zan zo.”

Ta ce, “Da kai ne da har yanzu kana laluben giya ta biyu.”

Ranar Juma'a a ƙofar masallaci Alhaji Lawal ya tare ni, wai 'ya mace a kan babur abin kunya ne. Na ce, Alhaji, yarinyar nan injin jirgin sama take kwancewa ta mayar a wurin aikinta, ka hau jirgi ka tafi Umra ban ji ka ce kunya ba. Daga wuya har idon sawu a rufe take cikin rigar fata, ɗankwalinta na ƙarƙashin hula. Ya ce Allah ya shirya. Na ce amin, da ni da kai.

Saura tsere ɗaya a bana, 19 da 20 ga Oktoba. Ki ɗauki waya, Hindou.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Zabeirou

*

Pleasant Garden
Juma'a, 20 ga Satumba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Zabeirou. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafa da sauƙi, kuma kana shan maganin hawan jini a kan lokaci. Malam da yara suna gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso Laraba. Sau biyu na karanta ina neman ranar Asabar a ciki. Layi ɗaya na samu.

Baba, ni na ga Asabar ɗin. Ranar Lahadi, lokacin da kuke murna, ina wurin suna a gidan ƙawata Ousseina. Wani ya sa bidiyo a intanet, mijinta ya gane babur ɗin. Wayar ta bi hannun mata tun daga falo har kicin kafin ta iso gare ni. Na ga babur ya zame. Na ga jikarka tana birgima a kan kwalta kamar buhun da ya faɗo daga mota. Ta tsaya, ba ta motsi. Sai na ga wani dattijo cikin fararen kaya, bai fi taku ashirin tsakaninsu ba. Ko cikin mutum dubu na san tsayuwar nan. Ya dube ta. Sannan ya juya mata baya yana kaɗa ƙyalle.

Hajiya Dalila ta ce, “Wannan ba Alhaji ba ne?” Ousseina ta karɓe wayar ta tura min farantin shinkafa.

Ba ka yi min tarbiyyar mayar maka da magana ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma ina da shekara ashirin da huɗu na yi takaba saboda babur. Kai ka aiko min da labarin. Na ɗauko yarinyar nan na tsallako teku da ita don kada ta tashi a bakin garaji, ashe garajin zai biyo mu a jirgi. Na sa ka zauna da ita a Glenwood don ka zame mata ido. A asibiti ni nake yanke tufafin waɗanda aka kwaso daga kan babur, Baba. Ba labari nake ji ba.

Na kira ta. Na ce mata idan ta sake hawa, ba da yawuna ba. Ta ce to. Tun da na haife ta ban taɓa faɗa mata wannan kalma ba.

Maganar Alhaji Lawal ba ta dame ni ba, ku ƙarata can. Tambayata ɗaya ce. Me ya sa ka juya?

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
'Yarka,
Hindou

*

Glenwood
Talata, 24 ga Satumba

Wa alaikumus salam. 'Yata Hindou, na gode da gaisuwa, ina amsawa. Magani ina sha.

Laifi ɗaya na amsa: na ɓoye miki Asabar. Juya baya kuwa ba laifi ba ne. In gobe ta sake faɗuwa a gabana, zan sake juyawa. Ki gaya wa Hajiya Dalila haka, ki ce daga bakina.

Kwana ta huɗu a bayan tudu take. Mai tahowa ba ya ganin abin da ke cikinta sai ya hau tudun, a lokacin kuwa yana cikin gudun da birki ba ya ceton kowa. Abu ɗaya yake hangowa daga nesa, mai tuta. Malika ta faɗi a zagaye na biyu, babura goma sha ɗaya na bayanta a cunkushe. Ita tana gefen kwalta, babur ɗinta na tsakiya. Mai ɗaukar bidiyon bai nuna muku su ba. Ni a ƙirjina nake jin tahowarsu.

Abu na farko da Desmond ya koya min shi ne, in mutum ya faɗi, mai tuta ba nasa ba ne, na masu tahowa ne. Ka fuskance su ka kaɗa rawayar tuta da duk ƙarfinka. Abokinka ne zai je, shi ma sai hanya ta yi sarari.

Na kaɗa. Na ga suna ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, suna sassautawa, suna raɓawa ta gefe. Na ƙirga su, goma sha ɗaya. Duk wannan lokaci ban san ko tana numfashi ba. Sai da na ƙarshe ya wuce na ji Desmond a bayana yana ihu wai ta tashi. Likitan fili ya duba ta, ƙugu ya yi tsami, yatsa ɗaya ya kumbura, ya sallame ta. Bayan la'asar muka miƙe kan babur muka canza hannun birki.

Yanzu ki nemi wuri ki zauna.

Shekara goma sha tara ke nan na ce miki mijinki na fari Mourtala ya faɗi ya cika nan take, ni kuma na faɗi a bayansa na karye. Ba haka aka yi ba.

Daga Madawa muke dawowa, babur biyu, shi a gaba. A wata kwana bayan Gidan Rumji ya taka yashi ya zame. Ya faɗi a tsakiyar titi, babur ya danne masa ƙafa. Da ransa, Hindou. Yana magana. Ya ce, “Baba, ɗaga min.”

Kin san abin da kowa ya sani a hanyoyinmu. In abu ya faɗi a kwana, ka fara karya rassa ka koma baya ka jera a kan titi, don mai tahowa ya gani ya taka birki. Ni da bakina na koya wa duk wanda ya yi aiki a hannuna wannan. Ga bishiyar dogon yaro a bakin hanya, hannu kawai zan miƙa. Amma surukina ne, ɗana ne, a garajina ya girma. Na yar da babur na ruga wurinsa. Ina tsugune ina ɗaga ƙarfen, kamiyon albasa, babbar mota, ya fito daga kwanar. Direban ba shi da laifi, ba wanda ya gaya masa. Ni ya jefar da ni gefe da karyayyiyar ƙafa. Shi bai bar shi ba.

Rai na Allah ne, kwana ya ƙare, na sani. Amma reshen nan ni ne ban karya ba.

Don haka ranar da Malika ta ce za ta shiga tsere, ban tsaya gardama ba. Na tambaya, su wa ke tsayawa a kwana? Aka ce 'yan sa kai. Na ce a rubuta sunana.

Ba zan ce miki fili ba ya cin mutum ba. Ƙarya ɗaya ta ishe ni. Amma matan da suka zagaya da waya a gidan suna, a cikinsu wa ta taɓa tsayawa da jininta a ƙasa ta riƙe ƙafarta? Ni na gwada gudu, na ga abin da ya haifa. Ba zan sunkuyar da kai a masallaci ko a kasuwa don na tsaya ba.

Ki yi fushi da ni a kan Mourtala, haƙƙinki ne, ko shekara nawa za ki ɗauka. Amma kada ki ɗora wa yarinya. Ta lulluɓe babur da tampol. Ta je aiki ta dawo, ta ci abinci ta shige ɗaki. Kwana huɗu ba ta ce min tsoho ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Mahaifinki,
Zabeirou

*

Glenwood
Alhamis, 3 ga Oktoba

Assalamu alaikum Mama. Ina wuni? Ya gida, ya ƙannena su Afnan?

Abin da kika ji yana motsi a cikin ambulan ɗin makullin babur ne. Shi ke nan gare ni, ba ni da wani.

Kaka ya gaya min abin da ya rubuta miki. Kwana biyu ban yi masa magana ba. A na uku na dafa masa shayi, ya ce sukari bai ji ba, na ce likita ya hana.

Mama, da nake kwance a kan kwalta iska ta fita daga ƙirjina, ban iya tashi ba. Ina kallon tayoyi suna wucewa ta gefena a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na san wani ya gaya musu ina nan. Don Allah kada ki bari a ce ya yar da ni.

Ina son tseren nan. Ba don Abba ba, ba don Kaka ba, ni nake so. Kullum a wurin aiki ina gyara abin da wani zai tuƙa. Wannan ni na gyara, ni nake tuƙawa. Amma ba zan hau da fushinki a kaina ba.

Ranar Talata 15 ake rufe rajista. In kin riƙe makullin, shi ke nan, ba zan sake tayar da maganar ba. Zan zo cin tuwo ranar Lahadi kamar kullum, in kin bari.

Ki yafe min.
Malika

*

Pleasant Garden
Asabar, 12 ga Oktoba

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya.

Sati biyu da wani abu wasiƙarka tana cikin jakata. Na yi kukan da ban yi ba a lokacin takaba.

Na ji haushinka, har yanzu ina ji. Ba don ka ruga ba. Da ni ce a wurin, da na riga ka. Haushina shi ne ka bar ni shekara goma sha tara ban san ya yi magana ba.

Na sa Ousseina ta turo min bidiyon. A gidan suna hayaniya ta hana ni jin komai. Wannan karon na kalla ni kaɗai a cikin mota, na ƙure sauti. Na ji su suna tahowa.

Ban ce na yarda ba, kada ka je masallaci ka ce na yarda. Kalmar da na faɗa wa jikarka dai na janye, ta yi min nauyi a baki. Ka ce mata ta yi rajistarta.

Makulli ba zan aiko ba. Ni zan kawo shi da hannuna ranar Asabar da safe. Zan duba rigar, in duba hular, in ga likitan filin ido da ido in yi masa tambayoyin da nas take yi. In ban gamsu ba, da shi zan dawo gida, kowa ya ce abin da zai ce.

Sharaɗi ɗaya kuma. Kai za ka tsaya a kwanar nan. In suka canza maka wuri, ba ta hawa.

Allah ya kai mu lafiya.
'Yarka,
Hindou

*

Glenwood
Talata, 15 ga Oktoba

Ta yi rajista! Tampol ya sauka tun jiya, ta ce min tsoho sau uku kafin azahar.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Ki zo da tambayoyinki duka, ki rubuta su a takarda kada ki manta ko ɗaya. Na yi wa Desmond maganar sharaɗinki. Ya ce kwana ta huɗu tawa ce har in gaji.

Haushinki ki riƙe abinki, ban ce ki ajiye ba. Akwai hirar da muka yi da Mourtala a Madawa kafin mu kama hanya, a kanki da yarinyar. Wannan ba ta takarda ba ce. In kin shirya, zan faɗa miki baki da baki.

Yanzu ki saurara. Ki zo da Malam Yahya da yara. Ki zo da Ousseina da mijinta da wayarsa. Hajiya Dalila ki ba ta gaban mota. Alhaji Lawal ni na je har shagonsa na gaya masa, ya ce zai duba, na ce duban ne ma ya kawo ni. Ku ɗauko kujeru da lema da audugar toshe kunne. Akwai inuwar da muke sallah, akwai ruwan alwala. Akwai tudu mai ciyawa daura da kwanata, daga nan ba abin da zai ɓoye muku.

Ƙarfe bakwai ake buɗe ƙofa. Duk wanda ya gani a waya, ya zo ya gani da ido. Ku zo ku duka, ku ga yadda jikata take shan kwana.

Mahaifinki,
Zabeirou